Kayan zaƙin tsaunukan Alps: yadda za ka zaɓa, ka ci, ka kauce wa giya a hutun zamiyar ƙanƙara

Daga watan Disamba zuwa Afrilu, ƙauyukan da ke tsaunukan Alps a Ostiriya da Siwizalan da Faransa da arewacin Italiya suna cika maƙil da masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. Akwai namu a cikinsu: ɗaliban da ke karatu a Turai waɗanda abokai suka ja, da ma'aikata, da iyalan da suka je hutu. Kowa yakan tanadi rigar sanyi da safar hannu, amma kaɗan ne ke shirya wa lokacin da za a miƙo musu takardar jerin abinci a wata bukkar katako da ke can saman dutse. A nan ake yin cirko-cirko, domin abincin nama na wuraren nan galibinsa alade ne. Mutum ya juya takarda gaba da baya, ya ƙare da soyayyen dankali da ruwan kwalba.

Bai kamata a yi wannan asarar ba. Shafin ƙarshe na takardar, inda ake jera kayan zaƙi, shi ne mafitarka. A Ostiriya musamman, abincin fulawa da ƙwai da madara ba ɗan taɓa-baki ba ne da ake ci bayan an ƙoshi. Abincin rana ne sukutum. Al'adar ta samo asali daga ranakun da cocin Katolika ke hana mabiyansa cin nama, sai matan gida suka ƙware wajen ciyar da manoma da makiyaya da abin da ke rumbu da abin da saniya ta bayar. Faranti ɗaya yana riƙe mutum har dare. Abin da kawai ake buƙata shi ne sanin me za ka tambaya, yaushe za ka ci, da wane abu ne ya fi kyau a wace ƙasa.

Mataki na farko: haddace tambayoyi uku tun kana gida

Tambaya ta farko ita ce ta giya, kuma ita ce babba. Masu girkin Alps suna zuba giya a kayan zaƙi don ƙamshi, ba sa ma ganin abin a matsayin wanda ya cancanci a rubuta. Zabibin da ke cikin fanke an jiƙa shi a giyar rum, jam ɗin da ke cikin burodi an ɗiga masa ita, kek ɗin da ke ƙyalli a gilashi an shayar da shi wata giyar 'ya'yan itace da ake kira Kirsch. Kar ka yarda da cewa wuta ta ƙone ta. Dahuwa tana rage ta, amma ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Inda ake Jamusanci, wato Ostiriya da yawancin Siwizalan da yankin Kudancin Tirol na Italiya, ka ce "Ist da Alkohol drin?", ko a taƙaice "ohne Alkohol". A Faransa "sans alcool", a Italiya "senza alcol". Ka ambaci rum da sunanta, domin wasu masu kawo abinci idan sun ji kalmar giya hankalinsu kan abin sha yake tafiya, ba kan girki ba.

Ta biyu ita ce ta man suya. Duk abin da aka tsoma a mai, a tambaya. Jamusawa suna kiran narkakken kitse Schmalz, kuma iri biyu ne: Butterschmalz man shanu ne da aka soya aka tace, ba laifi, Schweineschmalz kitsen alade ne. Faransawa suna ce wa na aladen saindoux, Italiyawa strutto. Yawancin wuraren yau man shuka ko man shanu suke amfani da shi, amma ƙananan bukkoki masu alfahari da girkin kakanni sukan riƙe tsohuwar hanya.

Ta uku ita ce ta jalatin, sinadarin da ke sa abu ya daskare yana rawa. A Turai mafi yawansa daga fatar alade ake yin sa. Yana cikin panna cotta ta Italiya, da alewa mai danƙo ta yara, da wasu kek masu kirim, wani lokaci har da ƙyallin da ake shafawa a saman kek ɗin 'ya'yan itace.

Wani abu da ke ruɗar baƙi: a Ostiriya za ka ga haruffa kusa da sunan kowane abinci, A, C, G, H da sauransu. Dokar Tarayyar Turai ce ta wajabta sanar da abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane rashin lafiya. A na nufin alkama da danginta, C ƙwai, G madara, H 'ya'yan itace masu ɓawo. Giya da alade ba sa cikin jerin. Rashin ganinsu a haruffan ba shaida ba ce, sai ka buɗe baki ka tambaya.

Mataki na biyu: cika aljihu kafin ka hau

Da safe, kafin ka shiga motar igiyar da ke kai mutane saman dutse, ka sayi abin taunawa a kantin ƙauye, don farashin sama ya fi na ƙasa nesa ba kusa ba. Sanyi yana cin ƙarfin jiki fiye da yadda baƙo ke zato, kuma duk mita dubu da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Mai koyo kuwa, faɗuwa da tashi kaɗai sun isa su ƙarar da karin kumallonsa kafin hantsi.

Cakulan mai madara shi ne abokin tafiyar kowa a can, kuma a gidansa kake: a garin Vevey na Siwizalan Daniel Peter ya haɗa shi a 1875, a Bern kuma aka fara Toblerone a 1908, da zuma da almon a ciki. Ƙwayar kokon da ake yin cakulan ɗin Turai da ita, mafi yawanta daga Afirka ta Yamma take zuwa, Kwaddibuwa da Ghana a kan gaba. Ka sa shi a aljihun ciki, kusa da jiki. Wanda aka bari a aljihun waje ko a jakar baya yakan yi tauri har ya gagari haƙori. Ka karya shi ƙanana tun a ɗaki, don kada sai ka cire safar hannu kana kokawa da leda a cikin iska. Dabino ma yana aiki sosai, a cire masa ƙwallo tukuna. A ganina ya fi duk wata alewar 'yan wasa da ake sayarwa da tsada.

Ka ɗauki ruwa. Iskar sama busasshiya ce, kuma sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Ciwon kan da mutane da yawa ke ɗora wa tsayin dutse, sau da yawa rashin shan ruwa ne.

Mataki na uku: abin sha na hantsi, inda tarko ya fi yawa

Wajen ƙarfe goma da rabi yatsu kan fara sanƙarewa, kowa ya nufi bukka. A nan ne sunaye masu daɗin ji suke yaudara. Jagertee shayi ne da aka cika da rum. Bombardino, wancan abin sha ruwan ɗorawa mai tulin kirim da za ka ga kowa na riƙe da shi a Italiya, giyar ƙwai ce da barandi. Lumumba cakulan ne mai zafi da rum. Green chaud na Faransa cakulan ne da giyar ganyaye ta Chartreuse. Glühwein da vin chaud da vin brulé duk dafaffiyar giyar inabi ce. A Siwizalan, kofin da ake kira Schümli Pflümli ko Kafi Luz giya ce a cikin gahawa. Duk inda ka ga an rubuta "mit Schuss", an ƙara giya ke nan.

Waɗanda za ka sha hankali kwance suna da yawa. Heiße Schokolade ko chocolat chaud zalla, cakulan ne da madara. Na Italiya, cioccolata calda, shi ne sarkinsu, kaurinsa har sai da cokali. Kinderpunsch dafaffen ruwan 'ya'yan itace ne da kirfa da kanumfari, an yi shi don yara, babba ma ba ya jin kunyar nema. Skiwasser ruwa ne da zaƙin 'ya'yan itace ja da lemon tsami, yana kashe ƙishirwa fiye da kowane lemon kwalba. A Siwizalan kuma ka nemi Ovomaltine mai zafi, wato Ovaltine ɗin da muka sani a kantunanmu. Can ne mahaifarsa, a Bern aka fara shi a 1904.

Ka sha a ciki idan akwai wurin zama. A tsayin mita dubu biyu ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 93, don haka tun daga kicin abin shan bai kai zafin na ƙasa ba, iskar waje kuwa cikin 'yan mintuna take huce shi.

Mataki na huɗu: babban faranti

Lokaci tukuna. Daga sha biyu zuwa ɗaya da rabi bukkoki a cunkushe suke. Ka je sha ɗaya da rabi, ko ka bari sai biyu. Kada ka wuce haka da yawa, domin motocin igiya suna tsayawa wajen huɗu zuwa huɗu da rabi, kuma saukowa da cikakken ciki bayan rana ta faɗa bayan dutse, lokacin da hanya ta yi tauri da santsi, shi ne lokacin da gajiyayyu suka fi jin rauni. Ka riƙe tsabar kuɗi, Yuro ko faran na Siwizalan, don ba kowace bukka ke karɓar kati ba. Wanda ba ya zamiya ma ba a bar shi a baya ba: wurare da yawa suna sayar da tikitin masu tafiya a ƙafa, ka hau, ka ci, ka sauko a motar da ta kai ka.

Idan kana Ostiriya, a St. Anton ko Ischgl ko Kitzbühel ko Sölden, ka fara da Kaiserschmarrn. Fanke ne mai kauri da laushi, wanda aka buga farin ƙwansa daban, aka soya a bota, aka yayyaga shi a kasko, aka barbaɗa sukari har gefensa ya yi ja ya ɗan ƙone. Ana danganta shi da Sarki Franz Joseph, wanda ya mulki Ostiriya daga 1848 zuwa 1916. Yakan zo da ɗan kwano na dafaffen Zwetschge, wani ɗan itace shuɗi-shuɗi mai tsami, ko kuma niƙaƙƙiyar tuffa. Dabarar ita ce ka ce "ohne Rosinen, ohne Rum", wato ba zabibi ba rum, tunda a zabibin giyar take ɓuya. Ka kuma zaɓi tuffar, don wasu suna sa giya a ɗaya miyar. Idan aka ce maka sai ka jira minti ashirin, ka yi murna, alama ce yanzu za a soya. Wanda ya iso cikin minti uku ɗumame ne, kuma ɗumamen Kaiserschmarrn roba ne kawai. Farantin babba ne, mutum biyu za su iya raba shi.

Na biyu shi ne Germknödel, abincin da 'yan zamiyar Ostiriya suka fi ƙauna. Duk wanda ya san alkubus ya san rabinsa: ƙullin alkama ne mai yis da aka turara, sai dai wannan zagaye ne, girmansa ya cika faranti, cikinsa kuma jam ne baƙi mai kauri da ake kira Powidl. Ana kwarara masa narkakkiyar bota, ko miyar madara mai banila, a barbaɗe shi da sukari da niƙaƙƙun ƙwayoyin Mohn, wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu kama da riɗi. Na botar shi ne na asali, kuma ni shi na fi so, domin miyar madarar tana danne tsamin jam ɗin. Powidl ɗin ne abin tambaya, wasu suna ɗanɗana shi da rum. A ci da zafi. Da ya huce sai ya yi nauyi.

Apfelstrudel kuwa ƙulli ne da ake ja da hannu har sai ya yi siriri ana hango zanen mayafin tebur ta cikinsa, a naɗe tuffa da kirfa da soyayyen garin burodi a ciki. Shi ma akwai zabibi, kuma tunda an riga an gasa shi ba a iya cirewa, sai dai tambaya. Ɗan'uwansa Topfenstrudel da cuku mai laushi ake cika shi, bai kai shi zaƙi ba.

Duk waɗannan za ka same su a Val Gardena da Alta Badia na Italiya, domin Kudancin Tirol yankin Ostiriya ne har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ya fi fice a can shi ne Strauben, ƙulli mai ruwa da ake tsiyayawa ta mazurari cikin tafasasshen mai, ya fito a murɗe, a ɗora masa jam ja mai tsami. Tambayoyi biyu ne a kansa, ta mai da ta giya, don girkin gargajiya yana sa 'yar giyar grappa a ƙullin. Idan amsar ba ta gamsar ba, a bar shi.

A Faransa, wajen Chamonix inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, da Megève da Val d'Isère, kayan zaƙi ƙanana ne, bayan abinci ake ci. Tarte aux myrtilles shi ne abin nema, ɓawon burodi mai garas-garas cike da ƙananan 'ya'yan daji shuɗɗa waɗanda ke rina harshe. Gâteau de Savoie kek ne mara nauyi, ƙwai da sukari da fulawa da sitaci kawai. Duk abin da aka rubuta "au génépi" a jikinsa, giyar ganyen dutse ce a ciki.

Siwizalan ta fi kowa tsada, amma tana da abu biyu da ba a wucewa. A yammaci, yankin Gruyère kusa da Gstaad, ana cin meringue, wato farin ƙwai da sukari da aka busar a tanda, tare da kirim mai kaurin da cokali ke tsayawa a cikinsa. Ba giya, ba jalatin, ba man suya. A gabas, yankin Engadin inda St. Moritz take, akwai Nusstorte: kek ne rufaffe sama da ƙasa, cikinsa gyaɗar bishiya ta Baumnuss da aka dafa a narkakken sukari da kirim, wasu su ƙara zuma. Mutanen jihar Graubünden, inda Engadin take, sun yi suna a sana'ar kayan zaƙi tun da daɗewa. Talaucin kwaruruwansu ya kora su ci-rani, suka mamaye sana'ar a birnin Venice har aka kore su a 1766, suka bazu cikin sauran biranen Turai. Yanka siriri ya isa, da baƙin shayi. Vermicelles da Zuger Kirschtorte kuwa, wasu kayan zaƙi biyu na Siwizalan, na farkon sau da yawa da Kirsch, na biyun kullum da ita.

Mai ciwon sukari ya yi hattara da wannan matakin gaba ɗaya. Ya shawarci likitansa kafin tafiya, domin motsa jiki mai tsanani da sanyi suna canza yadda sukari ke hawa da sauka, kuma ya ajiye na'urar gwaji da maganinsa a aljihun ciki don kada su daskare.

Mataki na biyar: tsaraba

Nusstorte ce ta fi jure hanya, tana yin makonni ba tare da firij ba. Zumar dutse da jam a kwalba su shiga babban akwati, a naɗe cikin tufafi, don ba a barin su a jakar hannu. Cakulan zai iso lafiya idan bai kwana a bayan mota a rana ba. Abu ɗaya ne ba a saya ko kaɗan: ƙwayar Mohn. A Turai kayan girki ce ta yau da kullum, amma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Saudiyya sun haramta shigo da ita saboda daga shukar da ake samun ofiyom take. Mai biyowa ta Dubai ko Jidda kada ya ɗauko ko da ƙullin cokali ɗaya.

Mataki na shida: yi da kanka

Kaiserschmarrn ba ya buƙatar tanda ko wani kayan da babu a kasuwarmu. Na mutum biyu: ƙwai 4, fulawa giram 120, madara mililita 200, sukari cokali 3 na cin abinci, ɗan gishiri, bota ko man shanu cokali 3, da zabibi cikin tafin hannu. Madarar gari da aka dama tana yi.

Jiƙa zabibin a ruwan ɗumi ko ruwan tuffa na rabin awa, ka tsane shi. Raba ƙwan, gwaiduwa gefe, fari gefe, a kwano mai tsabta wanda ba maiƙo. Ɗigon gwaiduwa ɗaya ya isa ya hana farin tashi. Dama gwaiduwar da madara da fulawa da gishiri har gudaji su mutu, ka ajiye minti goma. Sai ka buga farin ƙwan da maburgi, kana zuba cokali ɗaya na sukari kaɗan-kaɗan, har ya zama kumfa mai tsayawa da kanta idan ka ɗaga maburgin. Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa ke ɓata girkin. Zuba kumfar a kan ƙullin kashi uku, kana juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Idan ka buga da ƙarfi iskar ta fice, abin ya kwanta.

Ɗora kasko mai faɗi a matsakaiciyar wuta, narka cokali ɗaya na bota, juye ƙullin duka, kaurinsa kamar yatsa biyu. Watsa zabibin a sama, ka rufe. Bayan minti biyar zuwa shida ɗaga gefe ka duba. Idan ƙasan ya yi ja saman kuma ya fara kamawa, yanka shi gida huɗu, ka juya kowane yanki, ka ƙara bota a ƙarƙashi. Ba komai idan ya fashe, yayyagawa za a yi. Bayan minti biyu zuwa uku, sa cokula biyu ka yage shi gutsure-gutsure daidai loma. Tura su gefe, zuba ragowar bota da sukari cokali biyu a tsakiyar kaskon, ƙara wuta kaɗan, ka bari sukarin ya narke ya yi ruwan zuma, sannan ka jujjuya gutsuren a ciki na minti ɗaya. Kada ka matsa daga wurin, tsakanin narkewa da ƙonewa ƙiftawar ido ne.

Zaƙin yana son abu mai tsami a gefe, in ba haka ba zai gundure ka tun kafin rabin faranti. Idan akwai tuffa, a fere guda uku, a dafa da ɗan ruwa da kirfa da lemon tsami har su narke. Idan babu, zoɓo ya wadatar: wanke cikin tafin hannu biyu, dafa shi a kofi ɗaya na ruwa har ya yi laushi, niƙa shi da ruwansa, mayar wuta da sukari cokali huɗu da kanumfari biyu, ka bar shi ya yi kauri har ya riƙe bayan cokali. Shi za a fara dafawa ya huce, domin fanken daga kasko sai faranti, ba ya jiran kowa.